Jika 350 na biya in koyi tafiyar da aikin injiniya a Yamai

A allon sanarwa na ga takardar tallan, daf da inda muke ajiye babura. An rubuta cewa ɗalibin injiniya zai iya ƙara wani ɗan fanni a kan karatunsa, na tafiyar da aiki da kuɗi da mutane, "kamar yadda ake yi a jami'o'in Amurka". Wata 9, dare uku a mako, jika 350, wato sefa dubu 350, a biya kashi uku. Lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun gine-gine a wata makaranta mai zaman kanta a Yamai, da rana kuma ina koyon aiki wurin wani ɗan kwangila da ke gina azuzuwa a bayan gari. Na yi karatun daga Oktoba 2023 zuwa Yuni 2024. Yau shekara guda ke nan ina aiki da abin da aka koya mini, don haka na san abin da kuɗina ya saya da abin da bai saya ba. Sunan makarantar ba zan kama ba. Irinta suna da yawa a garin, kuma bakinsu ɗaya wurin talla.

Mahaifina na fara kira, tunda shi zai biya kashin farko. Ɗan kasuwar albasa ne a Tawa, shekara talatin yana loda albasar Galmi zuwa Abijan da Akara. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Uwata, ke da ke karatun gini, mi yak kai ki koyon kuɗɗi? Taho ki zamna runhwata wata guda, kyauta." Ya yi dariyarsa, washegari ya turo kuɗin.

Maganar Amurkan nan ita ce ƙugiyar da ta kama yawancinmu, bari in fara warware ta. A can, ɗalibi yana cikin digirinsa na injiniya yake zaɓar darussa biyar ko shida na wannan fanni, su shiga lissafin karatunsa, a rubuta masa su a takardar sakamako. Mu tsarin LMD muke bi, wato lisans da mastar da dakta, kiredi 30 a kowane zango, 180 a lisans, 120 a mastar, kuma cikin darussan daren nan babu ko ɗaya da ya shiga wannan lissafi. Abin da aka ba mu a ƙarshe takardar shaidar halarta ce mai tambarin makaranta. Ba difloma ba ce, CAMES, hukumar da ke tantance takardun jami'a a ƙasashenmu, ba ta san da zamanta ba. Ba zan ce an yi mana ƙarya ba, amma ba a buɗe baki an faɗa ba sai da wani a ajinmu ya matsa da tambaya, a wata na huɗu, bayan kowa ya zuba kashi na biyu. Takardar kanta sai da na yi wata 7 ina aike buro kafin ta fito, kullum darakta ya yi tafiya. Tana cikin akwati yanzu, har yau babu mai ɗaukar aikin da ya ce in nuna masa ita.

Darasi shida aka yi mana. Biyu sun biya kuɗinsu har da gyara.

Na farkonsu shi ne tsara lokacin aiki. Malamin tsohon injiniyan hanyoyi ne da ya yi ritaya, ba ya zuwa da kwamfuta, jakar leda kawai yake riƙowa. Daren farko babu kuran. Masu zama Yamai sun tuna wannan lokacin: tun watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke layin wutar da ke ciyar da mu, unguwa-unguwa ake rabon ɗan abin da ya rage. Muna jira a ce a tashi, sai tsohon ya ce kowa ya kunna fitilar wayarsa, a ture tebura gefe. Ya zazzage ledar a ƙasa, sai ga guntayen kwalin shayi da ya yanka, kowanne da sunan aiki da yawan kwanakinsa, ga kuma ƙullin zare. Ginin azuzuwa uku ne. Haƙa tushe kwana 6, ɗaurin rodi 4, zuba kankaren tushe 2, ginshiƙai da bulo 15, kafa katako da rodin dal, wato rufin kankare, 10, zubi 1, jiran dal ya yi ƙarfi 21, cire katako 2, filasta 12, fenti 6. Akwai kwalin ƙofofi da tagogi wurin mai walda, kwana 20. Ya ce mu shimfiɗa su, mu ɗaura zare daga kowane aiki zuwa wanda ba zai fara ba sai an gama shi.

Muka durƙusa muna gardama kamar ƴan lakwal. Da muka gama ya sa muka bi zaren da ya fi tsawo muka tara: kwana 79. Ƙofofin kuwa mai walda zai iya aunawa tun ranar 27 da bango ya tashi, ba a bukatarsu sai ranar 61, wato yana da sararin kwana 14 da zai iya yin wasa da su ba tare da ginin ya ji ba.

Sai ya ce, "To, mai kamfani ya ba ku lebura goma, yana son a rage kwana goma. Ina za ku sa su?" Wani ya ɗora tsakuwarsa a kan kwalin mai walda. Tsohon ya ce, "Ka biya mutum goma, ba ka rage ko wuni ɗaya ba." Ni na ɗora tawa a kan kwali mafi tsawo, na kwana 21. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗiyata, kankare ba ya jin tsawa." Wurin aiki irin bulo da filasta ne ƙarin hannu ke rage kwana, kuma in ka rage su da yawa sai wani zaren ya zama shi ne mafi tsawo, hankalinka ya koma can. Shekara biyar ina lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, babu wanda ya taɓa nuna mini wannan.

Bayan mun gane da hannunmu ne ya ba mu tarihin abin, a taƙaice. Jadawalin sanduna na Henry Gantt tun farkon ƙarni na 20 yake. Dabarar bin zare mafi tsawo kamfanin DuPont ya fito da ita a 1957 don tsara gyaran masana'antunsa, sojojin ruwan Amurka suka fito da tasu dabarar mai suna PERT a 1958 don aikin makamin Polaris, a Faransa kuma Bernard Roy ya kawo tasa hanyar, wadda aiki ke zama cikin akwati, kibiya ta haɗa shi da na gaba. Ta Roy ɗin ce muka yi da kwali a ƙasa ba mu sani ba, ita kuma aka yi mana jarrabawa da ita.

Darasi na biyu na kuɗi ne, wata akanta ce ta wani kamfanin gine-gine take koyarwa, tana zuwa a gajiye daga aiki, ba ta da lokacin zagaye-zagaye. Aikin da ta ba mu a mako na uku har yau yana cikin kwamfutata. Kwangilar miliyan 48, wata 6. Abin da za a kashe miliyan 41, riba miliyan 7. Ta tambaya wa zai karɓa, duk muka ɗaga hannu. Ta ce mu buɗe Excel, wata-wata, layi ɗaya abin da ya shigo, layi ɗaya abin da ya fita. Kafin alƙalami kashi 20 cikin 100, miliyan 9 da jika 600. Wata na farko ka kashe miliyan 9, na biyu 8, na uku 8. Takardar neman biya ta farko ka kai ta ƙarshen wata na biyu, kuɗin ba zai faɗo ba sai bayan kwana 60, in an yi sa'a. Muka ja layi. A ƙarshen wata na uku, aikin nan mai ribar miliyan 7 yana cikin ramin miliyan 15 da jika 400. Ajin ya yi tsit.

Ba ta tsaya nan ba. Za a riƙe maka kashi 5 cikin 100 na garanti har shekara guda bayan ka miƙa gini, miliyan 2 da jika 400 ke nan, sulusin ribarka. In ka makara, tarar da ke cikin wannan kwangilar jika 24 ce a kullum. Harajin ciniki na TVA, kashi 19 cikin 100, da ka ga ya shigo asusunka ba naka ba ne, ajiya ce ta gwamnati, wanda ya ci shi zai amayar. Ta ce, "Riba a takarda take kwana. Ranar Asabar da la'asar lebura kuɗi yake so a tafin hannunsa." Nan na gane abin da ya sa maigidan da nake koyon aiki wurinsa yake kashe waya duk ranar Asabar, da abin da ya sa gine-ginen da aka bari rabi suka cika gari. Da yawansu ba sata ba ce, ramin wata na uku ne ya haɗiye mai aikin.

Daren na kira mahaifina ina ta zuba masa bayani. Ya ce, "Ai abin da nika hwaɗa miki ke nan. Ka biya manomi, ka biya buhu, ka biya direba da duwan, kuɗɗinka na bisa hanya kwana arba'in." Gaskiyarsa. Sai dai shi a ka yake riƙe da lissafin mota guda da ya yi shekara talatin yana maimaitawa. Ni an koya mini in ga ramin tun kafin a sa hannu, in san zurfinsa da watan da zai zo, in iya ajiye takardar a gaban banki ko mai sayar da siminti in nemi a ɗaga mini ƙafa.

A darasin nan ne aka yi gardamar da na fi jin daɗi. Ana kwatanta injin gurub da faranti mai aiki da rana don famfon rijiyar burtsatse: ɗaya arha wurin saye, kullum yana shan gazuwal, ɗaya tsada wurin saye, bayan nan sai ɗan gyara. Don a auna su dole a maido kuɗin shekaru masu zuwa zuwa darajarsu ta yau. Da ta rubuta kashi 10 cikin 100 a allo, wani ustazu a ajinmu ya ce shi ba zai yi lissafin kuɗin ruwa ba. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Malam, manta da banki. Miliyan ɗaya a hannunka yau, ka sayi albasa lokacin girbi ka ajiye, nawa za ta zama in ta yi tsada? Wanda ya ce zai biya ka baɗi, wannan ya hana ka." Ya yi shiru, ya ɗauki bironsa.

Darasin doka ba laifi, sai dai an matse shi cikin dare huɗu. OHADA, ƙungiyar dokar kasuwanci ta bai ɗaya, da ƙasashenta 17, bambancin kamfanin SARL da SA, yadda ake buɗe ambulan neman kwangilar gwamnati, takardun haraji da na CNSS, asusun inshorar ma'aikata, da rashin ɗaya daga cikinsu ke sa a ajiye tayinka gefe ko da kai ne mafi arha. Da an ba shi wata biyu da ya shiga sahun na gaba.

Sauran ukun ne suka ci mini rai. Malamin shugabancin ma'aikata zuwa yake ya haska rubutu a bango ya karanta mana, in babu kuran ya karanta daga wayarsa. Ya sa muka haddace kalmomi biyar na Henri Fayol, hange da tsarawa da umarni da daidaitawa da bin diddigi, bai ko gaya mana cewa mutumin injiniyan haƙar kwal ne ba, wanda ya rubuta su a 1916 bayan ya shekara da shekaru yana fama da ma'aikata na gaske. A watan Fabrairu 2024 yana nuna mana mafi ƙarancin albashi sefa 30,047, alhali tun Janairu ya koma jika 42. Wata a ajin ta gyara masa, ya ce zai duba. Na tambaye shi, "Mushe, yaya yarinya mai shekara 25 za ta ce wa magini sa'an ubanta ya rushe bangon da ya karkace?" Ya ce sai in yi amfani da salon shugabanci mai dacewa da yanayi. Ban sake tambaya ba.

Darasin kula da inganci ma haka, zanen ƙashin kifi na Ishikawa, na bin sanadin matsala, da misalan masana'antar mota, a ƙasar da matsalarmu ita ce yashi mai laka da mai kwaɓa da ke ƙara ruwa in ka juya baya. Buhu 7 na siminti a kowace mita kubik, kilo 350, wannan kowa ya sani. Yadda za ka tabbatar buhu na bakwai ya shiga kwaɓin bai bi ta bayan katanga ba, shi ne ba a koyar ba.

Na hangen hatsari kuwa har dariya ya ba mu. Ana nuna mana dusar ƙanƙara da yajin aikin tashar jirgin ruwa, alhali gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a rufe take tun ƙarshen Yuli 2023, kayan da muka saba jira daga Kwatano sai sun zagaya ta Lome, su ratsa Burkina, su biyo ta Dori da Tera cikin ayari da rakiyar soja. Rodin shantiyenmu ya yi mako biyar bai iso ba. Ranar da wani ɗan ajinmu ya katse malamin ya kawo wannan maganar, ita ce ranar da darasin ya yi amfani, don mu 31 ne a ajin, kusan rabi ma'aikata ne, na wuta da na ruwa da na sadarwa, kowa da tabonsa. Wannan ma wani abu ne da kuɗin ya saya ba a rubuta a talla ba. Ta zauren WhatsApp na ajin na samu aikin da nake yi yanzu.

An yi mana alkawarin Microsoft Project, manhajar tsara lokacin aiki. Ɗakin kwamfuta yana da inji 14, shida ke tashi, babu lasisi a ko ɗaya. Gurub ɗin makaranta kuma buro kaɗai yake haskawa. Daga baya tsohon malaminmu ya ce kowa ya sauke GanttProject a tasa kwamfutar, kyauta ne, kuma ya ishe ni har yau. Da azumi ya kama a watan Maris sun maida darasi safiyar Asabar da Lahadi ba tare da an roƙe su ba, wannan kam na yaba musu.

Yanzu ina wani ƙauye tsakanin Tawa da Keita, muna gina ƙaramin asibiti. Kwalayen tsohon na kwaikwaya, na yanka nawa, amma sai da na ƙara uku da babu su a Yamai. Ɗaya ruwa: amalanken jaki ke kawo mana shi a ganga daga rijiya mai nisan kilomita 4, kuma sabon kankare yana son a shayar da shi safe da yamma har mako guda, ranar da jakin ya yi ciwo aiki ya tsaya. Na biyu ranar kasuwa, wadda ba a ganin kowa. Na uku ruwan shuka. Ranar da aka yi ruwan farko, lebura duk gona za su nufa, kuma ba ni da bakin hana su. Duk abin da ke son hannu da yawa dole ya ƙare kafin nan.

A watan jiya mai kamfani ya bugo waya ya ce a cire sandunan tokare na dal ɗin farko a kwana 12, a kai su ɗaki na gaba, katako ya yi tsada. Na buɗe jadawali na nuna masa: hayar wasu sandunan daga Tawa har da kuɗin mota jika 90, jiran kwana 9 kuwa tararsa ta ninka haka, dal ɗin da ya tsage kuma ba a maganar kuɗinsa. Minti biyar ya amince. Da ban yi karatun nan ba, da "ba kyau" kawai zan iya ce masa, shi kuma ya ce ai kullum haka ake yi.

Babban maginimmu dattijo ne, ya yi shekaru yana gini a Abijan. Shi ba jadawali na nuna masa ba. Na bari yaransa suka tafi cin abinci, na same shi a inuwa na gaishe shi, na ce, "Baba, a ganinka dal ɗin nan ya nuna?" Ya ƙwanƙwasa da guduma, ya ce, "Ɗiyata, da saura." Shi da kansa ya hana a taɓa sandunan. Wannan wurin innata na koya, yadda take bi da surukinta.

Ƙanwar ƙawata ta tambaye ni ko ta shiga bana. Na ce mata in takarda take nema, ta riƙe kuɗinta ta tara don mastar da CAMES ta sani. In kuma ba ta taɓa tsayawa a shantiye ranar biyan lebura ba, ta bari sai ta tsaya, don ƴan ajinmu da ba su taɓa aiki ba haddacewa kawai suka yi suka zubar a jarrabawa. In ta cika wannan, ta je buro kafin ta biya ko dala, ta nemi sunayen waɗanda za su koyar da tsara lokaci da lissafin kuɗi, ta bincika ko sun taɓa riƙe aiki da hannunsu. Ta kuma roƙi a bar ta ta zauna dare ɗaya ta saurara. Na ji an ce tsohon namu ƙafa ta matsa masa, ba kullum yake zuwa ba, kuma in babu shi da akantar nan, jika 350 ta yi yawa ƙwarai.

Dal ɗin ɗakin haihuwa ranar Laraba ta makon jiya muka zuba. Yau kwanansa 9, saura 12, ga filasta na jira a bayansa. Tun la'asar hadari ke haɗowa daga gabas, leburana kuma sai ɗaga kai suke suna dubansa.